Abokinmu ɗan sikila ne, ciwon ƙugu ya zaunar da shi: ta yaya za mu taimaka masa har taimakon ya ɗore?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna da aboki tun makarantar sakandare, ɗan sikila ne, tela, yana da mata da 'ya'ya biyu. Kusan shekara biyu ke nan ƙugunsa na dama yana ciwo dare da rana, yanzu ko taka keken ɗinki ba ya iyawa. An ce kan ƙashin cinyarsa ya lalace, sai an yi aiki an sa masa na ƙarfe, kuɗin kuma miliyoyi ne. Sau biyu muna haɗa masa kuɗi a zaurenmu na WhatsApp lokacin da aka ba shi gado, amma a na biyun da ƙyar aka tara rabin na farko. Wasu sun ce a ɗauki bidiyonsa a sa a Facebook da TikTok, wasu kuma sun fara raɗe-raɗin cewa kuɗin a allura yake ƙarewa. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da alheri da ba ku juya masa baya ba.

Ɗan'uwa, raguwar da kuka gani a karo-karo na biyu ba rowa ba ce, kuma ba wai abokanku sun daina ƙaunarsa ba ne. Irin taimakon da muka saba da shi an gina shi ne don abin da ke zuwa sau ɗaya ya wuce: gobara, haɗarin mota, haihuwar da ta zo da tiyata, gudummawar biki. A yi shela, zuciya ta motsa, kowa ya ciro abin da ya sawwaƙa, a miƙa, a yi addu'a, a watse. Sikila kuwa ba ta wucewa. Idan kuka ci gaba da jiran sai an ba shi gado kafin ku yi shela, na uku zai fi na biyu ƙanƙanta, kuma shi da kansa zai fara ɓoye muku ciwonsa don kunyar a ce ya sake dawowa. Abokinku yana da buƙata iri biyu da ba a haɗa su a tukunya ɗaya: akwai kuɗin wata-wata na magani da asibiti da cefane, wanda ba shi da ranar ƙarewa, akwai kuma kuɗin aikin ƙugu, wanda dunƙule ne, sau ɗaya. Ku fara da na wata-wata, ko da yake na aikin ne ya fi ɗaga muku hankali.

Bari in yi bayanin abin da ke damun ƙugun, don ku iya yi wa sauran bayani. A jikin ɗan sikila, jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa su ƙage, sai su toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya, wato dunƙulen da ke shiga cikin kwarmin ƙugu, 'yan siraran jijiyoyi ne kawai ke kai masa jini. Idan suka toshe, ƙashin wurin sai ya mutu a hankali, nauyin jiki ya riƙa danna shi har ya burme. Daga nan duk takun da mutum ya yi, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Wannan daban yake da tashin ciwon sikila da kuka sani, wanda ke zuwa kwana uku ko mako ya lafa. A likitance, ciwon da ya wuce wata uku bai tafi ba ana ɗaukarsa cuta ce mai zaman kanta, domin yana hana barci, yana hana neman abinci, yana taɓa hankali. Mutum zai iya zama a majalisa yana hira har da dariya alhali yana cikin azaba, saboda ya gaji da a gan shi yana yamutsa fuska.

Abu biyu nake so ku tambayi likitansa, da izininsa. Na farko, an duba ƙugun hagu? Wannan lalura takan kama ɓangare biyu, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta da wuri, sai hoton MRI. Idan aka gano ta kafin ƙashin ya burme, akwai abin da za a iya yi da sandar dogarawa, da gashin ƙashi, wani lokaci da ƙaramin aikin huda ƙashin don rage matsin da ke ciki. Na biyu, wane mataki na daman ya kai? In ya riga ya burme, sauya ƙugun ne mafita, kuma ana yin wannan aiki a nan gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu asibitocin koyarwa. Aikin yakan ɗauke ciwon ƙugu sosai, mutum ya koma tafiya da ƙafarsa. Amma ba ya warkar da sikila, kuma ƙugun ƙarfe yana da shekarun da yake yi, matashi zai iya buƙatar a sake masa nan gaba. Ku faɗa wa masu ba da kuɗi wannan tun farko. Wanda aka ce masa "da an yi aikin shi ke nan ya warke", in ya ji an sake ba shi gado bayan wata shida, zai ɗauka an yaudare shi.

Kafin ku sake rubuta komai a zaure, mutum biyu da ya fi sakin jiki da su su je gidansa, ba a matsayin 'yan dubiya ba, su zauna da shi. Ku tambaye shi me yake so a faɗa, me ba ya so a faɗa, wa yake so ya sani. Ku tambaye shi bashin da ke kansa, domin da wuya ka ga wanda ya shekara biyu ba ya aiki sosai ba tare da bashin mai kemis, da mai shago, da kuɗin haya ba, kuma wannan bashin yakan hana barci kamar yadda ƙugun ke hanawa. In ya yarda, matar ɗayanku ta zauna da mai ɗakinsa, don ita ta san abin da ake kashewa a gidan da abin da aka sayar. Sau da yawa za ku tarar ɗan kunnenta da akuyarta sun riga sun tafi ba wanda ya sani.

Daga nan sai lissafi, kuma da rasit za a yi shi, ba da ka ba. Ku tattara katinsa da takardun magani na watannin baya ku ga nawa wata ɗaya ke ci. Akwai folic acid na kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da maganin ciwo, da kuɗin ganin likita, da awon jini, da kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti, tunda mai irin wannan ƙugu ba ya iya hawa babur ko tafiya zuwa bakin titi. Sai maganin da nake so ku riƙe sunansa, hydroxyurea. Yana rage yawan tashin ciwo da yawan kwanciya asibiti da buƙatar ƙarin jini, amma sai an yi watanni ana sha kullum kafin a ga amfaninsa, kuma dole a riƙa awon jini lokaci-lokaci. Likitan jini ne zai yanke ko ya dace da shi. Abin da ya fi ba ni takaici a ɗakin duba 'yan sikila shi ne mutum ya fara shi, ya fara samun sauƙi, kuɗi su yanke, ya daina, ya dawo mana a kwance. Kwana biyar a gado da ƙarin ruwa da ƙarin jini yakan cinye abin da zai sayi maganin watanni. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, magungunan da ake shigowa da su kuma suka bi ta. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, mai ciwon da ba ya ƙarewa shi ne na farkon durƙushewa.

In kun san adadin wata, sai ku raba shi. Kada ku ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kowa ya faɗi ƙaramin adadin da zai iya bayarwa duk wata na tsawon shekara ba tare da ya takura iyalinsa ba, ya faɗa wa ma'aji a keɓe. Misali, mutum talatin a kan naira 3,000 ya ba ku 90,000 duk wata, fiye da miliyan ɗaya a shekara, kuma ba wanda ya ji a jikinsa. Na fi son mai 2,000 da ba ya fashi a kan mai 50,000 sau ɗaya da ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ku sa ranar tarawa ta dace da ranar albashi, ku yi alkawarin shekara ɗaya, in ta cika a sake zama, wanda ya gaji ya fita ba tare da an ga baƙinsa ba. Mutane sun fi yarda su shiga abin da suka san ƙofar fitarsa.

Daga abin da ake tarawa ku riƙa ware wani kaso, kamar kashi ɗaya cikin uku, kada a taɓa shi sai ranar gaggawa. Ɗan sikila da ya yi zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko ya yi fari fat ya galabaita, ko wani sashen jikinsa ya saki, ko gabansa ya miƙe da zafi ya ƙi kwantawa, asibiti ake kai shi a wannan sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne. Mun rasa mutane ba don babu magani ba, sai don an tsaya jiran gari ya waye a nemo kuɗin kati. Matarsa ta san lambar wanda za ta kira, ta san akwai mota, ta san kuɗin na nan. Ku ƙara kula lokacin hunturu da lokacin zafin bazara, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon.

Maganar amana ita ce ke rusa yawancin irin waɗannan asusu, kuma ba kullum don an ci kuɗin ba, sai don ba a yi bayani ba. Kada kuɗin su shiga asusun da ma'aji ke cefanen gidansa da shi. Ku buɗe asusu na daban, mutum biyu su sa hannu, na uku ya riƙa ganin alat, kuma ku tambayi banki iyakar abin da asusun ke iya riƙewa, don ƙananan asusu suna da iyaka, kada tiransifa ta riƙa komawa ranar da ake tsakiyar tarawa. Ƙarshen kowane wata a sa a zaure: an tara kaza, an kashe kaza, saura kaza. Ba na goyon bayan jera sunaye da adadin da kowa ya bayar. Yana kunyata mai ƙaramin ƙarfi har ya janye, yana kuma sa majinyacin ya kasa haɗa ido da wasu. Kuɗin magani da na asibiti a biya kai tsaye a karɓi rasit. Amma kuɗin cefane ku ba shi a hannunsa, kada ku tambaye shi yadda ya kashe. Magidanci ne. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 264, ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma bin diddigin kuɗin gishirin gidan mutum yana daga cikin cutarwa.

Kada kuma ku ɗauki nauyin duka ku kaɗai alhali akwai ƙofofin da ba ku ƙwanƙwasa ba. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta buɗe hanya ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ya shiga, akwai tsarin GIFSHIP na ɗaiɗaiku da iyali da ƙungiyoyi, jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Biya masa kuɗin shekara na iya rage muku nauyin ganin likita da awo da kwanciya. Ku je ofishinsu ku tambaya dalla-dalla me suke ɗauka me ba sa ɗauka ga ɗan sikila, musamman hydroxyurea da ƙarfen ƙugu, kada ku gina lissafinku a kan zato. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen walwalar marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi, kuma takardarsu tana da nauyi wajen masu hannu da shuni. Akwai hukumomin zakka, irin ta Zakka da Hubusi a Kano da ta Zakka da Waƙafi a Sakkwato. Abokinku, wanda ciwo ya hana shi sana'a kuma bashi ya hau kansa, yana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. 'Yan kasuwar cikinku da na unguwa da ke fitar da zakka a Muharram ko Ramadan, a je musu tun kafin lokacin, da takardar asibiti a hannu. Zakka hakkinsa ce, don haka ko a damƙa masa, ko ya wakilta ku ku biya asibiti da ita. Ku tuntuɓi malaminku a kan wannan.

Kuɗin aiki kuwa, kada ku fara shela sai kun riƙe rubutaccen ƙiyasi daga asibitin da za a yi shi, mai kwanan wata da sa hannu. Ku tabbata ya haɗa da ƙarfen, da gwaje-gwaje, da jini, da kwanakin gado, da gashin ƙashi bayan sallama. Ku ɗora masa cefanen watannin da zai yi bai koma aiki ba, da wani abu saboda tashin farashi, tunda ƙarfen daga waje ake kawo shi. Aikin ɗan sikila yana buƙatar likitan ƙashi da likitan jini su yi shiri tare, kuma galibi ana ƙara masa jini kafin a shiga. A nan waɗanda ba su da kuɗi a cikinku suke da babbar gudummawa: a gwada rukunin jininku, masu AA, wato waɗanda ba su gaji sikila ko kaɗan ba, da jininsu ya dace da nasa su rubuta sunansu. Namiji lafiyayye na iya ba da jini duk bayan wata uku. Sannan ku yanke tun yanzu, a rubuce, da saninsa, abin da za a yi da kuɗin in sun yi rara, ko ba su kai ba, ko Allah ya yi masa rasuwa kafin aikin. Magana ce mai nauyi, amma faɗarta yau ya fi rigima da magada gobe.

Da zarar an ji kuna tara miliyoyi, masu shawara za su yi yawa. Wani zai kawo dillalin asibitin Indiya ko Masar, wani zai kawo mai maganin da ke "mayar da SS ya koma AA". Babu saiwa ko jiƙon da ke sauya jinin da aka haifi mutum da shi. Dashen ɓargo yana iya warkar da sikila, an ma fara yinsa a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, amma yana da tsada ƙwarai da haɗari, yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, kuma ba ya rayar da ƙashin da ya riga ya mutu. Kada a karkatar da ku daga ƙugun.

Game da bidiyo, ra'ayina shi ne ya zama na ƙarshe, bayan an gama da dangi, da abokai, da masallacin unguwa, da ƙungiyar teloli, da tsofaffin ɗalibai, da masu zakka. Abin da ya shiga intanet ba ya fita. 'Ya'yansa za su girma su gani, kwastomominsa za su gani, kuma akwai ɓata-gari da ke kwafe bidiyon marasa lafiya su sauya lambar asusu. In dole ta sa, to da yardarsa da ta iyalinsa, yana zaune cikin tufafinsa da mutuncinsa, ba yana murƙususu ba, ban da fuskokin yara, lambar asusu ɗaya a jikin bidiyon, da takardar asibiti. Ranar da kuɗin suka cika a fito a ce an rufe. Masu tunanin GoFundMe, shafin tara gudummawa a intanet, su sani ba a buɗe shi da asusun bankin Najeriya, sai ta hannun wani da ke zaune a ƙasar da suke aiki, irin Amurka ko Ingila, wanda ke nufin duk kuɗin za su bi ta hannun mutum ɗaya. Ku san wanda za ku ba wannan amana.

Na bar maganar allura zuwa nan don ita ta fi taɓa ni. Ba zan ce muku raɗe-raɗin ba shi da tushe ba, domin matsalar tana nan a tsakanin 'yan sikila, musamman allurar pentazocine, wadda ake kira penta. Mutum yakan fara ta a asibiti lokacin tashin ciwo, ya ji sauƙin da ya daɗe bai ji ba, daga baya ya riƙa saye a kemis yana yi wa kansa. Jiki ya saba, wurin allurar ya ƙage ya zama gyambo, ciwon kuma bai tafi ba. Haka masu shan tramadol na hannun 'yan talla, da masu haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum har su taɓa ƙoda da ciki, alhali ƙodar ɗan sikila dama a wahale take. Amma ku dubi yadda ake kaiwa nan: mutum ne da ƙashinsa ke gugar ƙashi shekara biyu, ba shi da kuɗin ganin likita a kai a kai, kemis kuma yana bakin layi. Ko da ta tabbata yana yi, wannan dalilin ƙara riƙe shi ne, ba na janye hannu ba. Wanda ya fi kusa da shi ya tambaye shi a keɓe, ba da sigar tuhuma ba: me kake sha in ciwon ya tsananta da dare? Duk abin da ya faɗa, a raka shi ya faɗa wa likitansa, a tsara masa maganin ciwo da ya dace, in akwai sabo a janye shi a hankali ƙarƙashin kulawa, don yankewa lokaci ɗaya na da nasa haɗarin. Ku kuma hana wannan magana yawo a zaure. Kalmar "ɗan ƙwaya" ko "raki ne da shi" in ta koma kunnensa, za ta iya sa ya daina neman taimako gaba ɗaya. Mai daɗaɗɗen ciwo yana saurin faɗawa cikin ciwon damuwa; in kuka ga ya daina fita, ya daina cin abinci, ko yana cewa gara ya huta kowa ma ya huta, kada ku ce masa ya yi haƙuri kawai, ku kai maganar ga likita a makon.

Sai sana'arsa. Ƙugunsa ne ya lalace, hannunsa da idonsa da gwanintarsa suna nan. Keken ɗinkin da aka sa wa injin lantarki ba ya buƙatar taka feda da ƙarfi, in an haɗa da ƙaramin sola ko batir saboda wuta, da kujera mai tsayi da ba za ta sa ya lanƙwashe ƙugun sosai ba, zai iya yin awanni kaɗan a ranar da jiki ya yi daɗi. Yana iya yanka da awo, yaro ya yi ɗinkin. Ku tambayi masu gashin ƙashi irin zaman da ya dace da shi kafin ku sayi kujerar. Ɗinkin sallarku da na 'ya'yanku da kayan makaranta ku kai masa da wuri, tun kafin cunkoso, ku biya cikakken kuɗin da za ku biya kowane tela, kada ku sa masa ranar da za ta hana shi barci. In ba a taɓa gwada jinin matarsa da na yaran biyu ba, ku sa kuɗin wannan gwaji a cikin lissafin watan farko.